Fatar da Ke Riƙe Auduga: Sharhi kan Suturar Rolar Injin Gurza

Kakata ba ta taɓa shiga gidan gurza ba, amma a hannunta na fara ganin abin da injin gurza yake yi. Idan an kwaso auduga daga gona, takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ajiye magurji, wani dutse mai faɗi da ya sha hannu, ta ɗauko ɗan sandan ƙarfenta. Sai ta ɗora 'yar auduga a kan dutsen, ta danna ƙarfen da tafukan hannunta biyu, ta murza gaba. Audugar ta maƙale a ƙarƙashin ƙarfen, gurya kuwa ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya tana gangarawa kan tabarma. Wata rana na ce zan taya ta, na kifa murfin kwanon samira na ɗora auduga a kai. Ina murzawa tana zamewa. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, santsi ba ya gurza. Sai abin da zai riƙe ta."

Shekaru da yawa bayan haka na gane cewa wannan magana ita ce injiniyoyin auduga suke ta fama da ita tun daga ƙarni na 19. A cikin injin gurza mai rola akwai ƙarafa masu nauyi, akwai giya da bel da mota mai jan wuta, amma aikin duka a wuri ɗaya yake faruwa: a kan fatar da aka lulluɓe rolar da ita. Idan wannan sutura ta yi daidai, auduga ta fita da tsawonta da ƙyallinta. Idan ta ɓaci, duk kuɗin da aka zuba a sauran injin bai tsinana komai ba. Kuma ita ce sashen da mai sayen inji ya fi mantawa ya yi tambaya a kai.

Hanyar raba auduga da gurya iri biyu ce a duniya. Akwai injin zarto, wanda asalinsa ke komawa ga ƙirar da Eli Whitney ya yi wa rajista a Amurka a 1794. A cikinsa faya-fayen zarto ne ke juyawa tsakanin haƙarƙarin ƙarfe, haƙoran su fizgi auduga su wuce da ita, gurya ta kasa bi. Yana da sauri ƙwarai, amma fizga fizga ce: yana tsinka wasu silin audugar, yana kuma ƙulla wasu su zama 'yan ƙulle-ƙullen da ke fitowa kamar ƙuraje a jikin zare. Sai kuma injin rola, wanda ya girmi na zarto nesa ba kusa ba, domin Indiyawa sun daɗe suna gurza da 'yan sanduna biyu masu juyawa da hannu. Wanda ya kawo shi zamanin masana'anta shi ne Fones McCarthy, Ba'amurke, a 1840. Har gobe ƙirarsa ce tushen duk wani injin rola.

Ga yadda take aiki. Rola ganga ce doguwa da ke juyawa, an matsa ta jikin wata wuƙar ƙarfe da ke tsaye ba ta motsi. Auduga mai gurya tana zubowa ta taɓa jikin rolar, silin ya manne, rolar ta ja shi ya shige ta ƙarƙashin wuƙar. Gurya ba ta iya shiga wannan matsatsi, sai ta tsaya a bakin wuƙar, wata wuƙa ta biyu mai kai da komo ta riƙa bugunta har ta rabu da audugarta ta faɗi ƙasa. Babu haƙori, babu ƙugiya. Abin da ke jan audugar kawai shi ne riƙon da jikin rolar ya yi mata ya fi riƙon da ƙarfen wuƙar ya yi mata. Da zarar wannan rinjaye ya tafi, gurza ta tsaya, ko da mota na ta ruri.

A nan gizo ke saƙar, domin abubuwan da ake nema daga wannan sutura kishiyoyin juna ne. Ana son ta yi kaushin da zai kama auduga, amma ta sake ta da zarar ta wuce wuƙa, in ba haka ba audugar ta naɗe rolar ta toshe inji. Ana son ta yi taurin da za ta jure gugar ƙarfe dare da rana, amma ta yi laushin da za ta ɗan lotsa idan dunƙulen auduga ya zo wucewa, don kada a murƙushe gurya ɓawonta ya shiga cikin auduga. Ana son ta jure zafi, domin ƙarfe na gugarta ba hutu. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuma shi ne dole ne ta riƙa cinyewa. Suturar da ba ta cinyewa gogewa take yi ta zama sumul kamar murfin samirar nan, ta daina riƙo. Wadda ke cinyewa a hankali kullum sabuwar fuska take nunawa. Ke nan tun daga ranar da aka ɗaura rola an san cewa jikinta zai ƙare ya zama gari. Tambayar da aka daɗe ba a yi ba ita ce: garin nan na mene ne, kuma ina yake zuwa?

Maƙeran farko, musamman na Ingila irin su kamfanin Platt Brothers na garin Oldham, sun sami amsarsu a wuri mai nisa da gonar auduga. Fatar walras suka yi amfani da ita, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu da ke zaune a yankunan ƙanƙara na arewacin duniya. Fatarta na da kaurin da ya kai 'yan santimita, ga ta da ƙarfi, ga wani irin kaushi na halitta da ke kama auduga ba tare da ya yage ta ba. Ana yanka ta dogo-dogo a naɗa a jikin rolar. Sai dai dabbar ba ta da yawan da za ta ciyar da masana'antar duniya. Farauta ta rage ta, ƙasashe suka sa dokokin kariya, fatar ta yi tsada ta kuma yi wuyar samu. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 kowa ya shiga neman madadi, kuma daga nan hanya ta rabu biyu: Indiya ta bi fatar da aka jeme da wani sinadari da ake kira kirom, Amurka ta bi yadi da roba.

Bari in daɗe a kan Indiya, domin can ne maganar ta fi nauyi, kuma daga can ne injunan ke zuwa Afirka. Indiya na cikin ƙasashe biyu da suka fi kowa noman auduga, ita da Sin, kuma mafi yawan audugarta da injin rola biyu ake gurza ta. Inji ne mai rola ɗaya a kowane gefe, da mabugi guda a tsakiya yana yi wa duka biyun aiki. Garin Nagpur shi ne cibiyar ƙera shi, a nan kamfanin Bajaj Steel yake. Inji ɗaya ba ya wuce fitar da kilo hamsin zuwa ɗari na gurzajjiyar auduga a awa, gwargwadon girmansa, shi ya sa za ka ga an jera su ashirin, talatin, har fiye, a rumfa guda. Irinsa ne ya yi yawa a Tanzaniya da Yuganda.

Rolar wannan inji ba naɗi ake yi mata ba, jeri ne. Ana yanko faya-fayen fata masu huda a tsakiya, galibi daga fatar ɓaunar Indiya, a haɗa 'yan shimfiɗu su zama faifai ɗaya mai kauri. Sai a zura su a sandar ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kusan guda 80, a matse su da injin matsa har su zama tamkar gungume guda, a ɗora a kan injin fiƙa a daidaita jikin. Sabuwar rola faɗinta ya kai wajen santimita 18. Daga nan sai a tsaga mata 'yan layuka masu karkacewa a jiki, domin su taimaka wajen kamun auduga su kuma ba ƙananan datti hanyar wucewa. Tsagar nan ba ta daɗewa. Guga na shafe ta, don haka kusan kullum sai an sake ta a lokacin da aiki ya kankama. Haka za a yi ta yi, ana tsagawa tana cinyewa, har rolar ta rame ta koma wajen santimita 12, a cire ta a jefar.

Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana wannan aiki, a wani ƙaramin gidan gurza da aka kafa da injunan Indiya. Dattijo ne, tsakiyar hunturu ne, ya ɗora rolar a kan wasu ƙarafa biyu, yana bin tsohuwar tsaga da zarton hannu, yaronsa na juya masa ita kaɗan-kaɗan. Garin da ke zuba launinsa toka-toka ne mai ratsin shuɗi. Ya taru a kan takalminsa, ya hau gashin hannunsa, in ya gama layi sai ya sunkuya ya hure ragowar da bakinsa don ya ga zurfin tsagar. Na ce, "Baba, ba ka sa takunkumi?" Ya ce, "Ai fata ce, malam. Mu da muka tashi cikin majema." Gefen rumfar kuma ga tsofaffin roloji an jingine, ya ce masu gadi na ɓantarar faya-fayen su sa a wuta da dare saboda sanyi, don suna daɗewa suna ci.

Gaskiyarsa ce cewa fata ce. Amma ba irin fatar da ya sani a majema ba ce. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, shi ya sa fatarsu ke fitowa ja-ja ko ruwan ƙasa. Wannan shuɗi-shuɗin da ke kan takalminsa alamar kirom ce, gishirin ƙarfen kuromiyam da aka fara jima da shi a masana'anta a ƙarshen ƙarni na 19, wanda a yau mafi yawan fatar duniya da shi ake jeme ta. Fatar da aka jeme haka tana ɗauke da kuromiyam da ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinta. Dalilin da ya sa masu rola suka zaɓe ta a fili yake: ta fi jure zafi. Fatar da aka jeme da ganye ko 'ya'yan itace, in da danshi, tana fara tsukewa tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 70 zuwa 85. Ta kirom kuwa takan kai digiri 100 ba ta motsa ba. A wurin da ƙarfe ke gugar fata awa ashirin a rana, wannan bambanci shi ne komai.

Na zauna na yi wani ɗan lissafi da kaina, kowa ma zai iya yi. Mu ɗauki rola mai tsawon santimita 137, ta fara da faɗin 18 ta ƙare a 12. Abin da ya ɓace daga jikinta ya kai kusan lita 19. Matsattsiyar fata nauyinta bai yi nisa da na ruwa ba, don haka mu ce kilo 20. In kashi 3 cikin ɗari kuromiyam ne, an sami giram 600 daga rola ɗaya, kilo ɗaya da ɗan ɗoriya daga inji ɗaya. Gidan gurza mai inji 24, duk sanda ya sauya roloji zagaye guda, ya saki garin fata kusan tan ɗaya, a cikinsa akwai kuromiyam da ya doshi kilo 29. Wani ya zube a wurin tsaga. Wani ya tashi cikin ƙurar rumfa ya shiga ƙirjin ma'aikata, waɗanda dama ƙurar auduga kaɗai ta ishe su, don an san tana jawo ciwon ƙirji mai toshe numfashi ga wanda ya daɗe yana shaƙarta. Wani ya bi auduga zuwa masaƙa. Wani kuma ya manne a gurya, ita kuwa gurya injin matsar mai take tafiya, tunkuzarta ta zama abincin shanu.

Wani injiniya ɗan Indiya, Vijayan Gurumurthy Iyer, ya shafe shekaru yana rubutu a kan wannan. Ya auna, ya ba da rahoton samun kuromiyam a cikin auduga da gurya da iskar gidajen gurza masu rolar fata, ya kuma yi kira da a koma ga rolar yadi da roba. Aikinsa ne ya sa maganar ta fito fili.

Amma adalci ya wajaba, domin ba kowane kuromiyam ne dafi iri ɗaya ba. Wanda ake jima da shi nau'i na uku ne, kuma haɗarinsa da sauƙi. Takalman fata da yawancinmu ke sawa da shi aka jeme su. Mugun shi ne nau'i na shida, wanda hukumar binciken sankara ta duniya ta sa a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta huhu, yana kuma cin fata da cikin hanci. Matsalar ita ce na uku na iya rikiɗewa ya zama na shida idan ya haɗu da zafi mai tsanani da iska, ko idan jimar ba ta yi kyau ba. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana, tun daga 2015, sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'i na shida ya kai miligiram 3 a kilo. Masu tantance tufafi na Oeko-Tex su ma suna da iyakar kuromiyam ɗin da aka yarda ya fita daga yadi, kuma ta kayan jarirai ta fi tsauri.

In aka tambaye ni, ba mai sa rigar ne ya fi ba ni tausayi ba. Kafin auduga ta zama yadi ta sha kaɗewa, ta sha shiɓa, ta sha wanki da rini, kuma abin da ya manne mata ya watsu cikin tan-tan na kaya. Wanda abin ya fi shafa shi ne na kusa: mai tsaga, mai sharar rumfa, matan da ke tsintar datti a gefen inji, da mai gadin da ke jin ɗumin wutar tsohuwar rola. Ƙona fatar kirom na cikin hanyoyin da aka fi sani na haifar da nau'i na shida, kuma a toka yake zama. Tokar nan ruwan damina zai kwashe ta ya kai inda yara ke wasa. Wannan ɓangare ba ya bukatar sabuwar fasaha ko wani babban jari. Bukatarsa a faɗa wa mutane abin da ke hannunsu.

Amurkawa sun bi wata hanya dabam. Audugarsu ta yau da kullum da zarto suke gurza ta, amma suna da Pima, mai dogon sili, da ake nomawa a Kalifoniya da Arizona da New Mexico da yammacin Texas, wadda sa mata zarto asara ce. A wajen ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, ɗakin binciken gurza na ma'aikatar gona da ke Mesilla Park a jihar New Mexico, tare da maƙera, suka fito da inji mai wuƙa mai juyawa a madadin mai kai da komo. Rolarsa ƙatuwa ce, faɗinta wajen santimita 38, kuma suturarta ba fata ba ce. Yadin auduga mai kauri irin na tamfol ake jerawa shimfiɗa-shimfiɗa, a manne da farar roba, a yanka shi dogo kamar bel, a naɗa a jikin gangar ta yadda bakin yadin ne ke kallon waje. Hikimar a nan take: robar ta ɗan fi yadin saurin cinyewa, don haka kullum 'yan gashin auduga na leƙowa sama da ita kamar buroshi. Auduga ce ke kama auduga. Ba sai an tsaga ba, kuma garin da ke fita na yadi ne da roba.

Ita ma tana da nata laifin, kuma zafi ne. Roba ba ta sakin zafi da wuri. Masu aiki da ita suna ƙoƙarin kada jikin rolar ya wuce digiri 107, don in ya doshi 150 suturar lalacewa take yi nan da nan. Abu mafi haɗari shi ne inji na juyawa babu auduga a ciki, domin audugar ce ke shiga tsakanin wuƙa da rola tana kwashe zafin. Minti kaɗan na gugar banza ya isa ya ƙona sutura mai tsada. Da suka ƙara wa injin gudu a shekarun 2000 har aikinsa ya ninka sau uku ko fiye, sai da suka haɗa masa fanka mai hura wa rolar iska da na'urar da ke janye ta daga wuƙa idan auduga ta yanke.

To, me ya hana Indiya ta ɗauki wannan kawai ta huta? Mai ƙaramin gidan gurza zai ce maka fata tana kusa, majemun Kanpur da na yankin Chennai na fitar da ita, kowane bakanike ya san yadda ake matsa ta da tsaga ta, kuma in faifai biyu suka lalace ba sai ka sauya rola duka ba. Rolar roba kuɗinta a dunƙule ake biya tun farko, ko da za ta fi daɗewa. Injin rola biyu kuma don fata aka tsara shi, da gudunsa na wajen juyi 100 a minti da irin matsinsa. In ka cusa masa roba ba tare da gyara ba, zafi zai sa ta yi danƙo, auduga ta naɗe. Cibiyar binciken fasahar auduga ta Indiya, CIRCOT, mai hedikwata a Mumbai da makarantar koyon gurza a Nagpur, ta yi aiki a kan wata rolar roba mai tsaga kanta: ana saka siraran layuka na roba mai laushi a cikin mai tauri, mai laushin ta riga cinyewa, tsaga ta fito da kanta. Dabara ce mai kyau, amma sai an rage gudun rolar an kuma taɓa wasu sassan injin. Mutumin da ke da wata huɗu ko biyar kacal na aiki a shekara ba ya son gwaji a tsakiyar kaka. Shi ya sa har yanzu fata ce ke mulki.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowace sutura. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 da mahajjatan da suka yada zango a gaɓar kogin Nilu, da yawansu sun yi aikin tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe bayan gina madatsar Sennar a 1925. Audugar Jazira mai dogon sili ce, da injin rola ake gurza ta kamar ta Masar. A shekarun 1970 da 1980 wani ɗan farin ƙwaro ya addabi gonakin, yana zubar da wani ruwa mai zaƙi a kan buɗaɗɗiyar auduga. Audugar ta zama mai danƙo, tana liƙewa a jikin rola da injunan kaɗi, kuma wannan suna ya daɗe yana karya farashin audugar Sudan a kasuwar duniya. Mu a nan namu cikas ɗin hunturu ne. Lokacin gurza ya faɗo daidai sanda iska ta bushe ƙarau, audugar ta bushe fiye da kima, silinta ya riƙa karyewa, ga wutar guga da ke sa ta manne wa ƙarfe. Faya-fayen fatar su ma kan saki jiki a kan sandarsu, sai an mayar an sake matsewa.

Arewacin Nijeriya ƙasar zarto ce tun asali. Ƙungiyar Turawan Ingila ta bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, mutanenmu suka mayar da taƙaitaccen sunanta na Turanci, BCGA, ya zama Bisije, ita ce ta kafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi da sauransu bayan layin dogo ya iso, kuma injin zarto ta sa. Ya dace da zamaninsa: auduga mai matsakaicin sili, da yawa, hukuma ɗaya na saye. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, noman ya ja baya. Babban injin zarto kuwa ba ya tashi don ɗan kaya kaɗan. A irin wannan hali ne injin Indiya ke da farin jini: da inji huɗu ko shida mutum zai fara, wutarsa ba ta da yawa, yana fitar da auduga ɗan fiye da zarto daga kaya iri ɗaya, kuma bai cika tsinka sili ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da iri masu dogon sili, SAMCOT 11 da 12 da 13, kuma irin waɗannan rola ce ta fi dacewa da su. Ina goyon bayan shigowar injin. Abin da nake cewa shi ne yana zuwa da fatarsa, kuma fatar nan za a yi ta sayenta duk shekara da kuɗin waje muddin injin na aiki.

Da na fara tunanin wannan, zuciyata ta tafi Kano kai tsaye. Ga majemu na zamani a Challawa da Sharaɗa da Bompai, ga majeman gargajiya a cikin birni, ga bagaruwa a daji. Me zai hana a yi faya-fayen a gida? Da na ƙara dubawa sai na ga abin bai kai haka sauƙi ba. Ƙarfin majemunmu fatar awaki da tumaki ne, siririya, wadda ba za ta yi rola ba. Ƙirgin shanu mai kauri kuwa yawancinsa ganda ake yi da shi, tukunya ta riga majemi. In an jeme da kirom an dawo gidan jiya, kuma mutanen da ke zaune a bakin kogin Challawa sun fi kowa sanin abin da ruwan majema ke yi. In an jeme da bagaruwa, ga matsalar zafi. Duk da haka ban yarda a rufe ƙofar ba tare da an gwada ba. Injin rola biyu ba shi da gudun na Amurka, iskar hunturu kuma busasshiya ce, alhali tsukewar fata ta fi tsanani ne cikin danshi. A Zariya akwai cibiyar nazarin fata ta ƙasa, a Samaru take, maƙwabciyar masu binciken auduga. Gwajin da ake bukata ba babba ba ne: inji ɗaya, rola ta kirom a gefe guda, ta bagaruwa ko ta yadi da roba a ɗaya gefen, kaya iri ɗaya, a auna zafi da cinyewa da ingancin auduga har kaka ta ƙare. Ƙirar injin ma kamar don wannan gwaji aka yi ta.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun mai gidan gurza yau. Ranar da zai yi odar inji, ya tambayi dillali da me aka yi rolar, awa nawa take yi, nawa ne kuɗin sauyi har ƙofar rumfarsa, ko kuma injin zai karɓi ta roba in an so daga baya. Wurin tsaga ya zama a waje, nesa da inda ake tara gurya, a share garin da danshi a zuba a buhu, kada a hure shi. Tsofaffin roloji a kulle su a ɗaki, a sayo wa masu gadi itace.

Da na koma gidan gurzar nan a kaka ta gaba na tafi wa dattijon da kwalin takunkumi, na kuma zauna na yi masa bayanin bambancin jimar bagaruwa da ta kirom. Ya ɗebo garin a tafin hannunsa ya kai wurin haske ya daɗe yana kallo. Ya ce lalle fatar majemarsu ba ta taɓa yin wannan launi ba. Ya kira yaronsa ya miƙa masa takunkumi ɗaya, ya ce ya ɗaura kafin ya taɓa rolar, sannan ya aike shi ya kira masa mai gadi.